Ruwan da Ishaku Ya Roƙa

Alheri da salama su tabbata a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku ce Amin.

Sunana Yakubu. Waɗansunku sun san ni tun ina yawo ba takalmi a lungunan zangon nan. Waɗansu kuwa sun san ni ne kawai a matsayin mai jera kujeru da safiyar Lahadi. Fasto ya daɗe yana cewa in tashi in ba da shaida, ina ta zamewa. Yau na tashi. In muryata ta sarƙe, ku yi mini haƙuri.

Ba zan iya ba da labarina ba sai na fara da Ishaku, ɗan Mma Asibi mai koko.

Iyayenmu daga arewa suka zo, wajen Bawku, amma mu a nan Kumasi aka haife mu. Uwata ta rasu ina ƙarami, babana ya koma gida, Mma Asibi ta ɗauke ni ta haɗa da nata. Kwano ɗaya muke ci da Ishaku, tabarma ɗaya muke kwana. A cikin wannan ikilisiya aka yi mana baftisma rana ɗaya. Shi mai surutu ne, ni kuwa shiru-shiru. In aka yi mini tambaya, kafin in buɗe baki ya riga ya amsa. Har matan gidanmu suna tsokanata, wai bakina yana cikin aljihun Ishaku.

Da muka girma, shi ya koyi gini, ni ina lodin kaya a tashar Race Course. Lokacin samarin zango suna ta tafiya Libiya, suna aiko hotuna. Ishaku ya ce mu ma mu je. Ya ce yana so ya gina wa Mma ɗaki nata na kanta, ta huta da hayaƙin itace. Mma ta hana, ta yi kuka, ta yi fushi. Da ta ga ba za mu fasa ba, sai ta sa mu muka durƙusa, ta ɗora mana hannu ta yi addu'a. Da muka tashi ta riƙe ni a gefe ta ce, "Yakubu, kai ne mai natsuwa. Ka riƙe mini shi."

Na ce, "To, Mma."

Bayan Agadas muka shiga sahara a bayan buɗaɗɗiyar mota, an cusa mu kamar buhunan masara. Tun kafin nan zazzaɓi ya kama Ishaku, cikinsa kuma yana gudu, amma yana ta wasa da dariya don kada in damu. Sai motarmu ta mutu a wurin da babu ko itace ɗaya. Direba ya hau wata mota, ya ce zai kawo makaniki. Muka zauna jira. Ruwa ya yi ta raguwa har ya ƙare.

Rana ta take tsaka. Na tuɓe rigata na yi masa inuwa, na ɗora kansa a kan cinyata. Leɓɓansa sun tsattsage. Ya buɗe ido ya ce, "Yakubu, akwai ruwa?"

Na ce, "Yana zuwa."

Can ya sake cewa, "Yakubu, akwai ruwa?"

Na ce, "Yana zuwa, ɗan'uwa."

Haka muka yi ta yi, har ya daina tambaya.

Da hannu muka tona rairayi, ni da waɗansu mutum biyu da ban san sunansu ba, ban ma san harshensu ba. Washegari wata mota ta iso, da ruwa a cikinta. Na sha, 'yan'uwa. Na sha har na yi amai, na koma na sake sha. Ina sha ina kallon tudun da muka rufe shi.

Da na isa Libiya na ari wayar wani na kira gida. Mma ce ta ɗauka. Na ce, "Mma, Ishaku ya rasu a hanya." Ihun da ta yi ya shige mini kunne har cikin ƙashi. Na kashe wayar. Bakina bai sake iya kiranta ba.

Na yi 'yan shekaru a can ina aikin filasta, ba aboki, ba hira. Da zama ya gagara na dawo Kumasi. Amma ƙafata ta ƙi shiga zango. Na kama wani ɗan ɗaki a Ashanti New Town, can ƙuryar gidan wata dattijuwa Musulma, Hajiya Fati. Na samu aikin tura kura a kasuwar Kejetia, inda mutane suka yi yawan da ba mai tambayar sunanka.

A nan abin ya fara.

Kun san 'yan matan nan masu tallan ruwa a ka, suna kira, "Nsuo! Fiya wata!" Wata rana ina tura kayan doya, zufa tana zuba, wata ta wuce ta gefena tana kira. A ƙarƙashin muryarta, daidai kafaɗata ta hagu, sai na ji an ce, "Yakubu, akwai ruwa?"

Ba mafarki ba ne. Idona biyu, rana tana dukan kaina. Na waiga, ba kowa sai wata mata da kwandon tumatir. Amma muryarsa ce. Yadda yake jan ƙarshen sunana, ba wanda yake ja haka a duniya.

Na tsayar da kurar. Na sayi ruwa leda biyu, na sha ɗaya, na fasa ɗayar na tsiyaye a ƙasa. Ni da aka yi wa baftisma, ina zuba wa matacce ruwa! Muryar ta yi shiru a ranar. Sai abin ya zama mini al'ada. Kullum biyu nake saye. Amma ba a daɗe ba ledar ta daina isarsa. Ina zubawa yana tambaya. Ina kai ruwa baki sai in ji shi, in kasa sha. Na kai ga ba na iya shan ruwa a gaban mutane, daga baya ko ni kaɗai sai in kurɓa kaɗan in ajiye, kamar mai sata.

Wani lokaci sai in ji bakina yana amsawa a tsakiyar kasuwa, "Yana zuwa. Yana zuwa." Abokan turin kura suka fara ja da baya, suna nuna ni da baki. Ku ji abin tsoro: hakan ya yi mini daɗi. Na ce gara kowa ya bar ni.

Kada ku ce na bar Allah a lokacin. Ban bar shi ba, a ganina. Ina da Maganar Allah a ɗaki, ina karantawa. Ranar Lahadi ina kunna rediyo in saurari wa'azi, ƙofata a kulle. Ina ce wa kaina, ni da Yesuna mun isa, me zan yi da mutane? Mutane tambaya za su yi. Mutane kallona za su yi su ce, ga wanda ya dawo, ina wanda bai dawo ba?

Amma rediyo bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Rediyo bai taɓa duban fuskata ya ce, "Kai, ka rame" ba. Na kulle ƙofa don in tsira daga mutane, ashe na kulle kaina ne tare da abin da yake cin raina. A cikin ɗakin nan, duk abin da muryar ta faɗa gaskiya ne, don babu wani bakin da zai ƙaryata ta.

Sai muryar ta sauya magana. Ta daina roƙon ruwa. Ta koma cewa, "Ka zo. Me kake jira?"

Wata rana da hantsi na tsaya a bakin titi kusa da tasha. Wata babbar mota tana gangarowa da kaya. Na dubi tayoyinta, zuciyata ta yi sanyi ƙalau, na ji abin ba wuya. Ƙafata ta riga ta ɗaga. Sai wata 'yar dako da katon kwano a ka ta daka mini tsawa daga baya, "Agoo! Agoo!" wato in ba ta hanya, ta bangaje ni gefe ta wuce. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Motar ta wuce. Na zauna a bakin kwata. Har yau ban san yarinyar nan ba, amma na san wanda ya aiko ta. Ku yabi Ubangiji!

Ba a yi nisa ba, ina tura kura ta wajen Race Course, na ji an cafke wuyan hannuna. Baba Bulus ne, dattijon ikilisiyarmu, mai gyaran takalma, ga shi can zaune a layin gaba.

Ya ce, "Yakubu!"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ba ni ba ne, Baba."

Ya ce, "Ba kai ba ne? Ni da na koya maka waƙa a makarantar Lahadi? Ɗana, yaushe ka dawo?"

Na fizge hannuna na gudu, na bar kurar mutane a tsakiyar hanya.

Tsohon nan bai ƙyale ni ba. Ya yi ta bin masu tura kura da tambaya har aka kwatanta masa gidan. Ranar Lahadi bayan sujada na ji sallamarsa a tsakar gida. Na tashi na murza makulli. Ya ƙwanƙwasa, na ƙi buɗewa. Hajiya Fati ta kawo masa benci, ya zauna a bakin ƙofata.

Ina jiran ya fara wa'azi. Bai yi ba. Ya ga silifas ɗina a bakin ƙofa sun tsinke, ya ciro allura da zare daga aljihu ya hau ɗinki. Suna ta hira da Hajiya, maganar ciwon gwiwa, maganar ruwan sama da ya ƙi tsayawa. Da zai tafi ya matso bakin ƙofa ya ce, "Ya Uba, ɗanka yana ciki, mu muna waje. Kai kana ko'ina. Ka riƙe shi." Ya ce, "Yakubu, sai Lahadi."

Lahadi ta zo, ya dawo. Ta sake zagayowa, ya dawo. Wani lokaci da mutum ɗaya ko biyu daga zumuntar maza. Su zauna, su yi hira, su yi 'yar waƙa a hankali, su tafi. Ni ina kwance a ciki ina jin haushinsu. Amma na lura da abu ɗaya: muddin suna magana a bakin ƙofar nan, muryar ba ta zuwa.

Hajiya Fati ta gaji da ni. Wata safiya ta buga ƙofar da tafin hannu ta ce, "Kai yaro! Addininmu ba ɗaya ba ne, amma na san mutumin kirki in na gan shi. Tsohon nan da ciwon ƙafa yake hawo tudun nan saboda kai. Wane irin ciwo ne gare ka da ba a nuna wa mutane?"

Na juya na fuskanci bango. A lokacin jikina ya riga ya bushe. Na daina fita aiki. In na tashi tsaye sai jiri ya kwashe ni.

Lahadin da ta biyo, na ji an ajiye benci kamar kullum. Amma ba muryar Baba Bulus na ji ba.

"Yakubu."

Na tashi zaune. Mma Asibi ce.

Ta ce, "Ban zo yi maka faɗa ba. Ban zo tambayarka don me ka dawo shi bai dawo ba. Wannan na Allah ne." Na ji ta matso jikin ƙofar. Ta ce, "Amma kai kaɗai ka ga fuskarsa ta ƙarshe. Kana riƙe da abin da yake nawa, ɗana. Shekarun nan duka ina jira. Ka buɗe ka ba ni."

Da rarrafe na isa ƙofar. Na buɗe.

Ta tsufa, 'yan'uwa. Matar da take sauke tukunyar koko ita kaɗai ta koma kamar kara. Ta dube ni, ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Yesu, dubi abin da ya rage." Ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da ni. Baba Bulus ya tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Kada ka ji tausayina, ka faɗa mini gaskiya. Shi kaɗai ya mutu? An jefar da shi ne a hanya kamar dabba?"

Na ce, "A'a, Mma. Kansa yana kan cinyata."

Ta ce, "A kan cinyarka?"

Na ce, "Har ya cika. Ban motsa ba."

Sai bakina ya buɗe. Abubuwan da ni kaina na manta suka dinga fitowa. Na gaya mata yadda na yi masa inuwa da rigata. Na gaya mata da safiyar ranar mun yi addu'ar da Ubangiji ya koya mana tare, shi yana bi a hankali, har ya ce Amin. Na gaya mata ya yi dariya sau ɗaya, ya ce in da Mma tana nan da ta ce mu tashi mu wanke kofuna. Na gaya mata da hannuna na rufe idonsa, da hannuna na rufe shi da ƙasa, na yi masa addu'a. Shekaru ina tuna tambayar ruwan kawai. Sai da na sami kunnen da zan zuba wa labarin, sannan sauran ya dawo mini.

Na ce, "Mma, kin ce in riƙe miki shi. Na kasa. Ya roƙi ruwa, ba ni da shi."

Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Ka riƙe shi. Abin da na ce ka yi ke nan, ka kuwa yi. Ban ce ka hana shi mutuwa ba, kai Allah ne?" Ta ɗaga kai sama tana kuka ta ce, "Na gode, Yesu! Ɗana bai mutu shi kaɗai ba! Abin da yake hana ni barci ke nan. Na gode!"

Ashe ita ma tana da nata ɗakin da ta kulle kanta a ciki. Maganin ciwonta yana bakina, maganin nawa yana bakinta, muna gari ɗaya, kowa yana mutuwa a gefensa.

Baba Bulus ya shigo ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora mana hannu. Ya yi addu'a irin wadda ban taɓa ji ba. Ya ce, "Ya Yesu, kai ma ka ji ƙishirwa a kan gicciye, ka san zafinta. Ishaku yana wurinka, ba ya roƙon kowa ruwa kuma. Duk muryar da take kiran yaron nan zuwa kabari, ba ta Ishaku ba ce, ba kuwa taka ba ce. Mun tsawata mata cikin sunanka!" Na yi kuka har na rasa murya. A zuciyata na ce, "Ubangiji, na gaji da zama ni kaɗai. Ka cece ni."

Mma ta leƙa waje ta roƙi Hajiya ruwa. Hajiya ta kawo a kofi. Mma ta miƙo mini ta ce, "Sha. A gabana za ka sha." Na karɓa. Ta tallafi gindin kofin. Na shanye duka, su uku suna kallona. Haleluya!

A ranar suka kai ni asibiti. Aka sa mini ƙarin ruwa, aka kuma haɗa ni da likitan da yake sauraron masu damuwar zuciya, na kuwa gode wa Allah dominsa. Mazan zumunta suka dinga karɓa-karɓa a bakin gadona. Waɗansu ban taɓa yi musu komai ba a rayuwa. Da aka sallame ni, gidan Mma aka wuce da ni.

Bayan na sami ƙarfi, ikilisiya ta yi wa Ishaku sujadar tunawa, tun da ba a taɓa yi masa jana'iza ba. Aka kafa rumfa a ƙofar gida. Maƙwabtanmu Musulmi suka zo gaisuwa suka cika benci, mahauta da dillalan shanu da abokan gininsa. Hajiya Fati ma ta zo. Kowa ya faɗi abin da ya tuna da shi, aka yi kuka, aka yi dariya. Ranar na gane ba ni kaɗai na yi rashinsa ba. Na ɗauki makokin unguwa guda na kai ɗaki ɗaya, shi ya sa ya kusa kashe ni.

Ba zan yi muku ƙarya a gaban Allah ba. Muryar ba ta ɗauke gaba ɗaya a rana ɗaya ba. Har yanzu, in zafi ya tsananta, wani lokaci nakan ji kamar za ta taso. Amma yanzu na san inda zan nufa. Nakan tafi rumfar Baba Bulus in ce, "Baba, abin nan ya dawo." Sai ya ture takalma gefe ya ce, "Zauna." Mu yi addu'a, ko mu yi shiru tare. Ba ta iya zama inda mutum biyu suke kiran sunan Yesu.

'Yan'uwa, ga abin da na koya da jikina. Tun farkon halitta, kafin zunubi ya shigo, Allah ya dubi mutum shi kaɗai ya ga abin bai yi ba. Ubangijinmu da kansa, a daren baƙin cikinsa, ya nemi abokansa su zauna kusa da shi. Yana kan gicciye ma bai bar uwarsa haka ba, ya danƙa ta a hannun almajirinsa, ya mai da su uwa da ɗa. In shi ya nemi mutane, ni wane ne da zan ce ni da Allahna mun isa? Na yi ta roƙon Allah ya taɓa ni, ina kulle ƙofa a fuskar hannuwan da ya aiko. Mu jiki ɗaya ne. Yatsan da aka yanke aka ajiye gefe, ko da zobe a jikinsa, ruɓewa zai yi.

Na gode wa Allah Uba da ya ƙi barina. Na gode wa Yesu da ya fanshi raina daga bakin titi. Na gode wa wannan ikilisiya.

In kana nan yau, ka zo ne don a gan ka, amma a zuciyarka ka kulle, ka ji ni: kada ka koma da kayan nan gida. Ka dogara ga Yesu, ka kuma yarda da mutanen da ya sa kusa da kai. Ka kama ɗaya daga cikinmu kafin ka fita, ko da ba ka san ta inda za ka fara ba. Ka ce kawai, "Ba ni da lafiya." Ya isa.

Mma ta dafa tuwo da miyar ayoyo tun da safe, ta ce in sanar, tukunyar babba ce. Duk wanda ya san in an tashi ɗaki zai koma ya ci abinci shi kaɗai, ya tsaya mini a bakin ƙofa. In na gama tattara kujeru, tare za mu tafi.

Ɗaukaka ga sunan Yesu. Amin.